Hoton Farko da Majigi Yake Nunawa

Iyayenmu sun san majigi tun zamanin Turawan mulki, sa'ad da mota takan shigo gari da maraice a kafa farin ƙyalle a dandali. Yau majigi ya shiga majami'u da makarantu da ɗakunan taro, kuma 'ya'yanmu ne suke sarrafa shi. Darasinmu na wannan fitowa a kan abu guda ne: hoton da yake bayyana a bango da zarar an kunna na'urar.

Mutane da yawa suna tsammani daga kwamfuta hoton nan yake fitowa. Ba haka ba ne. Yana ajiye ne cikin ƙwaƙwalwar majigin kansa, irin wadda ba ta mantuwa ko da an ɗauke wuta. Bari mu ɗauki majigi irin na DLP, fasahar kamfanin Texas Instruments na Amurka, wadda Larry Hornbeck ya ƙirƙiro tushenta a 1987. A cikinsa akwai ƙananan madubai dubbai bisa dubbai, da wani ɗan guntun lantarki mai sarrafa su. Wannan mai sarrafawa ba ya yin kome da ra'ayin kansa. Dole a faɗa masa inda zai ɗauko hoto, ko daga wayar da ta taho daga kwamfuta, ko daga ajiyarsa. Sa'an nan a faɗa masa lambar hoton da girmansa. Bayan haka sai umarnin ƙarshe, wato ya fito da shi. In mai gyara ya manta da na ƙarshen nan, hoton ba zai bayyana ba, ko da yake yana nan lafiya a ajiye. Masu ƙera majigi sukan jera umarnan nan cikin ƙwaƙwalwar, na'urar ta bi su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka kunna ta.

Mu da ba injiniyoyi ba an sauƙaƙa mana. A majigin Epson da yawa, za a haska hoton da ake so daga kwamfuta, a shiga jerin saituna da rimot, a nemi wurin da aka rubuta User's Logo, a ajiye shi, sa'an nan a zaɓe shi ya zama hoton farawa. A duba girman majigin tukuna. Na 1024 da 768 ya kusa murabba'i, na 1920 da 1080 kuwa mai faɗi ne. Hoton da bai dace ba zai fito a miƙe ko a yanke.

A nan ne ake bukatar hankali, 'yan'uwa. Littattafan Epson sun yi gargaɗi cewa in an ajiye sabon hoto, ba a iya komawa ga na kamfani. Kada kuma a fara wannan aiki da wutar da ba a amince da ita ba, ko lokacin da za a sauya zuwa janareta, gama yankewar wuta ana cikin ajiyewa tana iya jawo wa na'urar matsala, a koma neman mai gyara.

Wane hoto ya kamata? A ganinmu sunan ikilisiya ko makaranta da sunan gari sun isa, da manyan baƙaƙe. Fuskar shugaba ba ta dace ba. Ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki, majigi kuwa yana nan. Sunan yana da wani amfani kuma. Majigin da yake shelar mai shi duk lokacin da aka kunna shi yana da wuyar sayarwa a hannun ɓarawo, musamman in an kulle hoton da lambar sirri, kamar yadda wasu samfura suke ba da dama. A rubuta lambar a takarda, a damƙa wa magatakarda ya ajiye tare da rasit ɗin sayen majigin, domin matashin da ya saita shi yana iya tafiya makaranta ko bautar ƙasa kafin a sake bukatarta.