Kwanson Harsashi da Yatsun Ɗan Maƙera

Warin ne ya riga su shiga ɗakin. Duk ma'aikacin jinyar da ya jima a sashen gaggawa ya san wannan warin, na naman da jini ya daina kaiwa gare shi. Mutum uku ne suka shigo da saurayin, daga wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, hannunsa na hagu a naɗe cikin tsumman atamfa, idonsa ɗaya a rufe ya kumbura suntum. Mai wannan rubutu ne ke bakin aiki a ranar.

"Likita, guduma ce ta same shi a maƙera," in ji kawunsa.

Guduma ba ta babbake gira, ba ta kuma barin ɗigo-ɗigon baƙi a kumatu. Da aka kwance tsumman sai ga robar tayar keke ɗaure tamau a gindin yatsu biyu, yatsun sun yi baƙi ƙirin, sun yi sanyi. A tafin hannun akwai ɗinki, irin na wanda bai taɓa wanke ciwo ba kafin ya rufe shi, an kuma barbaɗa garin kafso a kai har ya yi ɓawo. Sai da aka fitar da mazan waje sannan mahaifiyar yaron ta yi magana.

"Inna, tun yaushe?"

"Yau kwana huɗu. Ka rufa mana asiri, ɗan nan, harsashi ne."

Labarin bai da tsawo. Yaron yana koyon ƙira, yana ɗan taɓa gyaran bindigar toka ta mafarauta. Wani ɗan sintiri ya kawo masa leda cike da kwanson harsashin soja da ya saya a hannun ɗan gwangwan, ya ce ya ga a waya yadda Turawa ke cire ɗan maɓallin kunna wutar da ke gindin kwanso su sa sabo, su sake ɗura shi. A cikin ledar akwai waɗanda aka harba, akwai kuma waɗanda suka ƙi tashi aka jefar. Yaron ya ɗauki ɗaya daga cikin na biyun, ya matse shi a ƙarfe, ya hau duka. Ga gwangwanin albarushi a buɗe kusa da gwiwarsa.

Fashewar ita kanta ba ta cire masa yatsa ba, wannan ne abin da ya fi ɓata rai. Ta tsaga masa tafin hannu, ta ƙona fuska, ta jefa masa ɓarɓashin ƙarfe a ido. Duk abin da za a iya yi wa aiki ne da an zo a daren. Yatsun, mai kemis ne ya kashe su da robar da ya ɗaura don tsai da jini, ya karɓi kuɗinsa, ya ce kada a kwance sai ya dawo. Bai yi masa allurar tetanus ba. Idon kuwa, wata maƙwabciya ta ɗiga masa ruwan sikari, wani ya kawo maganin ɗigawa da ya rage a gidansa. An tura shi Kano a daren da suka zo. Yatsu biyu sun tafi, idon ma bai dawo ba.

Abin da mai wayar bai fahimta ba shi ne, bidiyon nan daga wata duniya aka ɗauko shi. A Amurka doka ta yarda mutum ya sake ɗura harsashinsa don amfanin kansa, kuma masu yi suna da injin matsi da sikeli mai auna abin da bai kai giram ba, da littattafan awo, da tabarau na kare ido. Ko a can ɗin ba kowane kwanso ake taɓawa ba. Maɓallan iri biyu ne, duka tun 1866: na Kanar Edward Boxer, Baturen Ingila da ya yi aiki a masana'antar makamai ta Woolwich, da na Hiram Berdan, Ba'amurke. Abin dariya, Amurkawa suka rungumi na Baturen Ingila saboda ya fi sauƙin canzawa, Rasha da Sin da ƙasashen gabashin Turai suka ɗauki na Ba'amurken. Harsashin AK-47 da ke yawo a dazukanmu, mai awon 7.62x39, galibinsa daga waɗancan ƙasashe ya fito, da maɓallin Berdan, kuma kwansonsa sau da yawa baƙin ƙarfe ne da aka shafe da fenti ko ruwan jan ƙarfe, ido ya ɗauka tagulla ce. An yi shi ne a harba sau ɗaya a jefar. Tsofaffin cikinsu ma suna barin gishiri a bututu, tsatsa ta ci bindigar daga ciki ba tare da mai ita ya sani ba.

Harsashin da ya ƙi tashi bai mutu ba. Sinadarin da ke cikin maɓallin nan duka yake jira, ko gogayya, ko zafi, kuma shekaru a cikin ƙasa ba su sa ya zama abin yarda.

A ce ma an yi sa'a an ɗura ba a ji ciwo ba. Wa ya auna abin da aka zuba? In ya yi kaɗan, ƙwayar ta maƙale a bututu, harbi na gaba ya tarwatsa bindigar a fuskar mai ita. In ya yi yawa, ko an cakuɗa garin da ba a san ƙarfinsa ba, ba sai an jira harbi na biyu ba. Mai wannan rubutu ya sha karɓar mafarauta a lokacin rani da hannun hagu a yage, domin shi ne ke riƙe da bututu, kuma kusan kowannensu sai ya rantse cewa bindigar ta gado ce, ba ta taɓa yi masa haka ba. To ta yi yau.

Ba wanda ya ce mutanen nan ba su da dalili. Gwarzo na kan iyaka da Jihar Katsina, hanyar Dayi da Malumfashi ta nan ta bi, kuma hare-haren da aka kai ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 sun hana mutanen yammacin Kano barci. Wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe zai nemi abin kare iyalinsa. Amma ɗan sintirin da ke saɓe da harsashin da ɗan koyo ya ɗura, kansa da na abokan tafiyarsa ya fara sa wa a hatsari kafin ɗan bindiga ya iso.

Ga kuma doka, wadda mutane ke tsoro a inda bai kamata ba, su yi watsi da ita a inda take da haƙora. Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ba, hukuncin kuma ba ya kasa ɗaurin shekara 10. Aikin nan na irin su masana'antar makamai ta DICON ne da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1964. Ko bindigar toka ma lasisi take buƙata. Amma asibiti fa? Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda ya samu raunin harbi nan take, ba sai da takardar 'yan sanda ba, ba kuma sai an ajiye kuɗi ba. Gaskiya ne za a sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani, wannan ba a ɓoye wa kowa. Sai dai tambayoyin ɗan sanda ana amsa su a wuce, yatsan da ya ruɓe kuwa yanke shi ake yi. Kwana huɗu suka zauna da yaron nan a ɗaka don gudun tambaya.

Kada a daki harsashi, ko an harba shi ko ba a harba ba. Kada a ɗaure yatsa da roba. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a kama hanya. Idon da ƙarfe ya shiga ba a murza shi, ba a ɗiga masa komai, ko zuma ce, ko nono, ko maganin kemis. A kife gindin kofi mai tsabta a kansa yadda ba zai danne shi ba, a tafi. Ɓarɓashin tagulla ba ya zama lafiya a cikin ido, kuma wani lokaci ciwon ɗaya yakan taɓa mai lafiyar. A sake ji: kada a ɗaure da roba.

Masu kemis da ke ɗinki a bayan kanta, ku ji tsoron Allah. Ciwon fashewa cike yake da ƙasa da toka da tsumman riga, wanda ya rufe shi a haka ya kulle ƙwayoyin cuta ne a inda suka fi jin daɗi. Lasisin sayar da magani bai ba kowa izinin riƙe allura da zare ba.

'Yan gwangwan su ma suna da nasu rabon. Kayan da ke fitowa daga yankunan da aka yi faɗa ba ƙarfe ne zalla ba, kuma yaran da ke tsince su suna zuba su cikin buhu ɗaya da gwangwanayen madara, wasu har su jefa a wuta don su ji ƙara. Kunne ma yana tafiya a irin wannan wasa.

Duk wanda ya tsinci harsashi a gona ko a bola, ya bar shi a inda yake, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sarakunan maƙera da shugabannin mafarauta na Gwarzo da Getso da Garo da Kabo, yaran nan maganarku suke ji fiye da ta likita. Ku tara su ku gaya musu, duk wanda ya kawo ledar kwanso maƙera a mayar masa da abinsa.