Darasin da ke Cikin Taga

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya bi ta ofisoshin Nasarawa da safe zai ga abin da masinja ke fara yi shi ne buɗe tagogi. Mu a wurinmu wannan ba kome ba ne, amma masana sun mai da shi ilmi, domin mai zana gini yana bukatar ya san halin masu zama a ciki kafin ya ƙiyasta zafin ɗaki da wutar da za a sha.

A shekarar 2007 Rijal, Humphreys, Nicol da abokan aikinsu suka fitar da lissafi daga binciken da aka yi a ofisoshi 15 na Birtaniya. Sun nuna cewa gwargwadon hauhawar zafi, gwargwadon yawan tagogin da ake buɗewa. A 2009 kuma Haldi da Robinson, a ƙasar Suwizalan, suka gano cewa mutum ya fi taɓa taga sa'ad da ya shigo ofis ko zai tashi. Da ya zauna, sai ya bar ta yadda take.

To, amma abincin wani gubar wani. A Kano, cikin watan Afrilu, zafin rana kan kai digiri 40, iskar waje ta fi ta ɗaki zafi, mai buɗe taga da azahar wuta ya gayyato. Da hunturu ƙura ke sa a rufe, da damina kuwa hadari. In an kunna iyakwandishan a rufe, in an ɗauke wuta a buɗe. Wanda ya ɗauko lissafin Turai ya zana mana ofis da shi, ya haɗa mu da gumi da tsadar man janareto.

Magabatanmu sun san wannan. Dubi Gidan Dan Hausa a nan Nasarawa, inda aka buɗe makarantar boko a 1909: bangon ƙasa mai kauri da ƙananan tagogi, ga sanyi da rana.

Saboda haka mu ma mu gwada. A rataye ma'aunin zafi a ajinmu da wani a inuwar waje, kowace sa'a a rubuta zafin da yawan tagogin da ke buɗe, har zango ya ƙare. Daga nan lissafin da ya dace da ƙasarmu zai fara. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.