DARASI: HUSUFIN RANA. KA BA RANA BAYA, KA TSIRA DA IDONKA

Darasinmu na yau bisa husufin rana ne. Wasu suna cewa rana ta yi zazzaɓi. Wasu suna cewa wata ya kama rana. Duk abu guda ne. Za mu ga abin da ke kawo shi. Za mu ga kuma yadda maigida da iyalinsa za su kalle shi, kowa ya tashi da idonsa lafiya.

1. Mine ne husufin rana?

Duniya tana kewaya rana. Wata kuma yana kewaya duniya. Wani lokaci wata yakan gitta tsakaninmu da rana, ya tare mana haskenta. Inuwarsa ta faɗo bisa ƙasa. Wannan shi ne husufin rana.

Wani zai ce: yaya ƙaramin wata zai rufe babbar rana? Ku tsaya nesa da rumbu. Ku rufe ido guda, ku miƙa babban yatsa gabanku. Yatsan zai rufe rumbun duka. Yatsa bai kai rumbu girma ba, amma ya fi shi kusa da ido. Haka abin yake a sama. Tsakaninmu da wata kilomita 384.000 ne. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150. Rana ta fi wata faɗi kamar sau 400, ta kuma fi shi nisa kamar sau 400. Shi ya sa muke ganin su kamar girmansu ɗaya.

Husufin rana ba ya zuwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ya ɓata. Husufin wata kuwa sai a tsakiyar wata, daren 14 ko 15. Ba kowane wata ake yi ba, domin hanyar wata a karkace take kaɗan. Yawancin lokaci yakan wuce ta bisan rana ko ta ƙarƙashinta.

2. Cikakken husufi da na sashe

Da damina kun sha ganin inuwar gajimare ta rufe gonar wani, gonar maƙwabcinsa tana cikin rana. Inuwar wata ma haka take. Tsakiyarta baƙa ce ƙirin, amma faɗinta bai cika wuce kilomita 270 ba. Wanda tsakiyar ta bi ta kansa, rana takan ɓace masa duka, gari ya yi duhu ƴan mintoci. Wannan shi ne cikakken husufi. Waɗanda ke gefe, su ne suka fi yawa, suna ganin an gutsure rana kamar an ciri ɓarin waina. Wannan shi ne husufin sashe.

Nijar ta ga iri biyun. Ranar Asabar 30 ga Yuni 1973 baƙar inuwa ta bi ta Muritaniya, Mali, arewacin Nijar da Cadi. A hamadarmu duhun ya kai minti 7. Masana suka hau jirgin sama Concorde, suka bi inuwar cikin sama har minti 74, suka sauka babban birnin Cadi. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 kuma inuwa ta fito ta Gana, Togo, Benin da Najeriya, ta shigo ta yankin Maraɗi da Damagaram, ta nufi Libiya. Mutanen Yamai da Tawa na sashe suka gani.

3. Abin da muka gani a gidanmu

A 2006 muna Tawa. Ƙanena mushen lakkol ne. Yana da ƙaramin madubin hangen nesa, irin na duban taurari, wanda ake kira teleskop. Da safe ya kafa shi tsakar gida bisa ƙafafunsa uku. Yara suka taru. Kowa yana cewa shi zai fara leƙawa.

Mushe ya ce: "Ba mai leƙawa. Ku tsaya ku gani."

Ya juya bakin madubin wajen rana. Ya ɗauko busasshen ganye, ya riƙe shi daidai inda ake sa ido. Ba a jima ba ganyen ya fara hayaƙi, ya huje. Yara suka ja da baya.

Tsohuwarmu ta ce: "Kai yaro, wannan abin wuta gare shi?"

Ya ce: "A'a Inna, wutar ta rana ce. Madubin tattara ta yake yi wuri guda. Abin da ya sami ganyen nan, shi zai sami idon wanda ya leƙa."

Sai ya huda kwali, ya zura shi a wuyan madubin don ya yi inuwa. Ya riƙe farar takarda bayan wurin sa ido, nisan kamu ɗaya. Sai ga hoton rana bisa takardar, fari, kewayayye, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. Muka zauna bisa tabarma, mu wajen goma sha biyu. Duk mun ba rana baya. Takarda muke kallo.

Bayan ƙarfe 9 muka ga gefen hoton ya gutsure kaɗan. Baƙin yana ta cin farin a hankali. Wajen ƙarfe 10 da rabi abin da ya rage na rana kamar jinjirin wata ne. Haske ya dushe, kamar an yi hazo. Zafi ya ragu, ga shi kuwa bazara ce. Kaji suka yi tsit. Wata jikar Inna ta yi kira: "Kaka, dubi ƙarƙashin bedi!" Muka duba. Hasken da ke ratsa ganye ya zama ɗaruruwan jinjirin wata bisa ƙasa. Inna ta daɗe tana kallo, tana tasbihi. Wajen ƙarfe 12 rana ta koma daidai.

Amma ba kowa ya tashi lafiya ba. Wani tela a unguwarmu ya sa baƙin tabarau na kasuwa, ya ɗaga kai ya yi ta kallo. Bai ji zafin komi ba. Da marece ya ɗauki allura zai zura zare. Duk inda ya kafa ido, sai ya ga baƙin ɗigo ya tare wurin. Ya tafi gidan likita. Bayan watanni abin ya ragu, amma bai tafi duka ba. Ɗansa ne ya koma zura masa zare.

4. Don mi rana take ƙona ido?

Cikin ido akwai ɗan madubi na halitta. Shi ma tattara haske yake yi, ya kai shi can ƙuryar ido, inda hoton abu yake sauka. Wannan wurin ba ya jin zafi. In wuta ta taɓa hannu, mutum zai janye. In rana tana ƙona ƙuryar ido, mutum ba ya sani. Sai bayan awoyi, ko washegari, ɓarnar ta bayyana.

Kullum hasken rana yakan hana mu kallonta. Ranar husufi hasken yakan ragu, mutum ya ga kamar zai iya. Nan haɗarin yake. Ko da wata ya rufe kashi 9 cikin 10 na rana, ragowar ta isa ta ɓata ido. Husufin sashe ba shi da wani lokaci, ko minti guda, da ake kallonsa da ido tsirara.

Ku lura da kyau. Wurin da ke ƙonewa shi ne tsakiyar gani. Da shi muke karatu. Da shi muke rubuta sunanmu, mu duba lambar sikeli ranar awon gyaɗa, mu gane fuskar mai zuwa. Wanda ya sha wahala ya koyi baƙi da wasali, kada ya zubar da su saboda kallon minti biyu.

5. Abubuwan da ba su tsare ido

Baƙin tabarau na kasuwa, ko an haɗa biyu ko uku.
Gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila.
Takardar hoton ƙashi ta asibiti.
Baƙar leda, ko faifan sidi.
Ruwa cikin kwano ko ƙwarya. Hasken da ruwa ke maidowa shi ma yana cutarwa.
Siririn gajimare ko hazo.

Duk waɗannan suna rage hasken da muke gani, amma ba su rage shi yadda ya isa ba.

6. Hanyoyi masu kyau

Ta farko: kwali biyu. A huda guda da allura. A ba rana baya. A ɗaga mai hujin bisa kafaɗa, a bar haske ya ratsa ya faɗa bisa na biyun, nisan mita 1. Hoton rana zai fito ƙarami, kamar ƙwayar wake. Kwali ake kallo, ba a leƙa hujin.

Ta biyu: inuwar itace mai ganye, ko rariyar dambu, ko tsohuwar tabarma mai ƙananan huji. A shimfiɗa farin zane ƙasa, a duba.

Ta uku: tabarau na musamman na kallon husufi. Ana rubuta lamba ISO 12312-2 a jikinsa. In ya huje ko ya karce, a yar da shi. Gilashin masu walda ba ya isa sai mai lamba 14, kuma yawancin na gareji ba su kai haka ba.

Ta huɗu: madubin hangen nesa da farar takarda, kamar yadda muka yi. Ga dokokinsa:
Babba ya tsaya kusa da madubin, kada ya gusa ko kaɗan.
Kada a leƙa don saita rana. A duba inuwar madubin bisa ƙasa, a juya shi har inuwar ta zama ƙarama, kewayayya.
In akwai ƙaramin madubin saiti a bisansa, a rufe shi.
Bayan minti ɗaya ko biyu a rufe bakin, ya huce. Zafi yana narkar da robar ciki.
Kada a sa tabarau na husufi a leƙa cikin madubi. Hasken da aka tattara zai huda shi. Matacin haske na madubi daban yake, kuma a bakin gaba ake ɗaura shi.

7. Husufi ba mugun alkaba'i ba ne

Ranar da Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya rasu a Madina, an yi husufin rana. Mutane suka ce saboda rasuwar ne. Annabi ya gyara musu. Ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya yi umarni da salla, da addu'a, da sadaka. Sallar husufin rana raka'a 2 ce, kowace raka'a da ruku'u 2.

Husufi ba ya ɓata abinci ko ruwan rijiya. Ba ya cutar mai ciki. Ba ya hana damina. Kiɗan gwangwani ba shi ke sakin rana ba. Wata ne ke wucewa da tafiyarsa.

8. Na gaba

Tafiyar rana da wata a kan lissafi take. Husufi yakan maimaita kamanninsa bayan shekara 18 da kwana 11. Ku ƙidaya: 30 ga Yuni 1973 a Nijar, 11 ga Yuli 1991 a Meksiko, 22 ga Yuli 2009 a Indiya da Sin. Mai bi musu shi ne na Litinin 2 ga Agusta 2027. Baƙar inuwarsa ta Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar da Makka ce. Rabon Nijar na sashe ne, da hantsi. Agusta tsakiyar damina ce, mutane suna gona, yara suna kiwo. A gargaɗe su tun a gida. Bayansa akwai na 20 ga Maris 2034, mai bi ta Najeriya, Kamaru da Cadi.

Wanda ya kalli rana, ya ga ɗigo ko hazo ya tsaya masa cikin ido, ya tafi gidan likita. Kada ya ɗiga komi a idon.

Tambayoyi

1. Mi ke tare hasken rana ranar husufi?
2. Don mi mutum ba ya jin zafi in rana tana ƙona idonsa?
3. Faɗi abu 3 da ba su tsare ido.
4. Ina ake kallo in ana aiki da madubin hangen nesa?

Aiki: gobe da hantsi kowa ya zo da kwali biyu da allura. Malami zai gwada muku tun kafin ranar ta zo.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.