Fom ɗin Tallafin Masu Lalura: Ga Yadda Za Ki Cike Shi

'Yar'uwa, mai ciwon da ya daɗe, irin su sikila, ciwon ƙoda, farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki, ta saba da amsa ɗaya idan an yi mata ya jiki: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A gaisuwa haka ya dace. Amma ranar da fom ɗin neman tallafi ko na sabunta shi ya zo hannunki, dauriya da kunya za su iya sa a cire sunanki. Jami'in da zai duba takardar bai taɓa ganin darenki ba. Abin da kika rubuta kawai ya sani. To, ga matakan.

1. San ofishin da ya shafe ki. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ta kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, NCPWD, mai hedikwata a nan Abuja. Dokar ta tanadi takardar shaida iri biyu: ta wucin gadi, wadda ba ta wuce kwana 180, da ta dindindin idan lalurar ta zarce haka kuma likita ya tabbatar. In aiki ne ya jawo miki ciwon, maganar diyya tana wurin hukumar NSITF, bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010. In kuwa ciwon ya hana ki aiki ɗungurungum, dokar fansho ta 2014 ta yarda ki yi ritaya kafin shekara 50 da shaidar likita, sai ki tuntuɓi kamfanin fanshonki.

2. Duba ranar rufewa. Ki rage mako guda daga ciki, ki sa wannan ranar a wayarki a matsayin ranar rufewarki. Ciwo ba ya sallama kafin ya tashi.

3. Fara da rahoton likita, don shi ya fi cin lokaci. Je asibitin da fayil ɗinki yake, ko Asibitin Ƙasa ne, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, ko Wuse, Maitama, Asokoro ko Kubwa. Roƙi likita ya rubuta sunan ciwon, lokacin da ya fara, maganin da kike kai, da ayyukan da ya hana ki yi. Kafin ki fita, duba sa hannu, hatimi da kwanan wata.

4. Tara takardu a jaka ɗaya: lambar NIN, katin asibiti, sakamakon gwaje-gwaje, takardun sallama daga gado, rasit na magani, da hotunan fasfo. In kin manta NIN, danna *346# a layin da kika yi rajista da shi. Duba rubutun sunanki da kyau. "Hauwa" a wannan takarda, "Hauwa'u" a waccan, ya isa ya tsayar da fayil.

5. Sayi ƙaramin littafi. Kowane dare ki rubuta layi biyu ko uku: yau kin iya yin wanka da kanki? Sallah a tsaye ko a zaune? Kin yi barci? Wa ya ɗebo miki ruwa, wa ya kai yara makaranta? Mako biyu na irin wannan rubutu ya fi duk abin da za ki tuno rana ɗaya.

6. Rubuta abin da ciwon ya hana ki, da adadi. "Ina fama da ƙoda" bai gaya wa jami'i komai ba. Ki ce: "Ana min wankin ƙoda sau biyu a mako. A ranakun nan ba na iya girki, ba na hawa bene sai an riƙe ni." In ciwon mai tashi da lafawa ne, faɗi duka biyun: kwana nawa a wata kike kwance, da abin da kike iya yi idan ya lafa. Abin da kike yi da taimakon wani, ki rubuta cewa da taimako ne.

7. Kada ki ƙara gishiri. Karɓar takardar shaida ta hanyar ƙarya laifi ne a dokar masu nakasa ta 2018, kuma za a gwada maganarki da rahoton likita. Gaskiya zalla ta isa.

8. Yi kwafin fom ɗin kafin ki taɓa shi, ki fara gwaji a kan kwafin da fensir. Shafi ɗaya a zama ɗaya, a lokacin da jikinki ya fi sakewa. In Turancin ya yi tsauri, nemi wanda kika amince da shi ya fassara miki tambaya bayan tambaya. Kada ki sa hannu sai an karanta miki abin da aka rubuta. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya sa sunanki, ko ya nemi lambar sirrin katinki na banki, ki rabu da shi.

9. Ranar miƙawa, yi sammako, musamman in daga Kubwa, Nyanya ko Kuje za ki taso. Ɗauki magani, ruwa da ɗan rakiya. Dokar 2018 ta ba masu nakasa fifiko a layi, don haka faɗa wa jami'in ƙofa lalurarki cikin ladabi. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, sannan ki nemi a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki.

10. In an ƙi, kada ki naɗe tabarma. Nemi dalilin a rubuce, ki cike giɓin, ki sake miƙawa. Ƙungiyar masu nakasa ta JONAPWD ta san waɗannan hanyoyi, kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana sauraren ƙorafi a kan ofisoshin gwamnati kyauta.

Gobe da safe abu uku kawai: duba ranar rufewa, nemi ranar ganin likitanki, sayi littafin nan. Ki nemi haƙƙinki ba tare da jin nauyi ba. Allah Ya ƙara lafiya.