Kafin ka goge memorinka

A shagona na hoto da bidiyo a nan Dutse, ba wanda ke ba ni tausayi kamar mai zuwa da memori a hannu, hotunan biki ko furojet ɗin makaranta sun salwanta. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse na zuwa, masu ɗaukar biki daga Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu ma na zuwa, kuma yawanci wajen tura kaya zuwa kwamfuta ɓarnar ke faruwa.

Don Allah ku riƙa yin kwafi, ku bar kot. Kot yana kwashe fayil ne yana share na kan memorin, kuma abin da aka share daga memori ba ya faɗawa kwandon sharar kwamfuta balle a ɗauko shi. A ce an ɗauke wuta ana tsaka da aiki, ko kadrida ta motsa, sai kaya su rabu gida biyu, wanda ke kan hanya kuma yana iya lalacewa. Idan kwafi ya kammala, duba ko yawan fayiloli ya yi daidai, ka buɗe bidiyoyin ka ja su har ƙarshe. Ni sai na ajiye aiki wuri biyu nake taɓa memorin.

Babban memori da adafta suna da ɗan makulli a gefe. Ja shi ƙasa kafin ka saka a kwamfutar kasuwa, domin galibi ba a rubutu a kan memorin da aka kulle, har bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot. Idan ya riga ya kama ka, kada ka danna shotkot ɗin. Kayanka na nan, ɓoye su ya yi.

Inda aka fi tafka asara shi ne idan Windows ta ce a yi fomatin. Ka ƙi. Da hunturu sau da yawa ƙura ce ta kwanta a kan haƙoran memorin, ko kadridar ce mai arha. Goge da busasshen ƙyalle, ka gwada wata kadrida. In kuwa an riga an share, daina ɗaukar komai a kansa, don sabon hoto kan gurbin tsohon yake hawa. Manhajar PhotoRec kyauta ce, kuma takan dawo da abin da ba a rubuta wani a kansa ba.

Wajen cirewa a danna Eject, a jira kwamfuta ta ba da izini.