Darasin Wannan Wata: Shirin Shiga Intabiyu

Intabiyu ita ce ganawar da ake yi da mai neman aiki kafin a ɗauke shi. Matasa da yawa a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa suna jin tsoronta, har wani bakinsa ya riƙa rawa a gaban kwamiti. Galibi rashin shiri ne yake kawo wannan tsoro.

Shiri na farko shi ne na takardu, domin su ake fara dubawa tun mutum bai buɗe baki ba. Sai ya haɗa takardar shaidar gama makaranta ko ajin yaƙi da jahilci, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da lambar NIN, da ƙananan hotuna. Mai neman koyarwa a firamare ya sani cewa NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake nema.

Daga nan ya baje su a tabarma, ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Shin sunan da ke wannan shi ne a waccan? Idan an rubuta Muhammadu a nan, Mamman a can, ko shekarar haihuwa ta bambanta, to ya je ya gyara tun da sauran lokaci. Irin wannan gyara yakan ci makonni, kuma kwamiti ba ya jiran kowa. Abin takaici ne a ce mutum ya cancanta amma harafi biyu su hana shi abinci. Ya tafi da na asali da kwafinsu, na asalin kuwa kada ya bar su a hannun kowa.

Sai kuma tambayoyi. Mai neman aikin gwamnati ya kamata ya san jiharsa. An ƙirƙiro Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, hedikwatarta Dutse. Tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu 5: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin Kazaure, amma Ɓaɓura tana ƙarƙashin Ringim, a nan ne wasu suke yin tuntuɓe.

Tambayar da ta fi wuya ita ce mai kama da sauƙi: a ce mutum ya faɗi ko shi wane ne. Ya gwada amsarta a gida da babbar murya, wani yayansa ko malaminsa ya zauna a matsayin shugaban kwamiti. Suna, gari, karatu, aikin da ya taɓa yi, shi ke nan. Noman rani da ɗinki da gyaran babur duk aiki ne, kada ya ji kunyar ambatonsu.

Ranar intabiyu ya yi sammako da tufafi masu tsabta, ko da ba sababbi ba ne. Ya yi sallama, ya jira a ba shi izinin zama. Idan bai ji tambaya ba, ya roƙi a maimaita. Wanda aka kira Dutse daga Gwiwa ko Roni, gara ya kwana a can.