Fasali a kan nisan yawon zabi, da abin da ya shafi mai saye da mai sayarwa

 Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, karatunmu na wanga mako a kan zabi ne: ina suke zuwa in sun sauka daga bisa itace da asuba, kuma mene ne ke kai su nesa.

Mu fara da ɗan'uwan zabo, watau talotalo. Ku sani asalinsa tsuntsun daji ne na ƙasar Amurka, mutanen Meksiko sunka fara kiwonsa a gida. Har yau akwai na daji can, kuma masana sun bi sawunsa sunka ga yakan yi tafiyar mil 1 zuwa 2 a yini, ya kwana bisa itace. Inda abinci da ruwa ke kusa sai yawonsa ya taƙaita, inda sunka yi nisa sai ya faɗaɗa. Mu nan ba mu da talotalon daji, zabo muke da shi, kuma ya fi shi ƙafa: zabin daji suna iya cin mil 6 a yini ɗaya.

Abu ukku ke yanke wa zabo iyakar ƙasarsa: ruwan sha, itacen kwana, da abinci. Itacen kwana ba ya sakewa da sauƙi, tsamiya ce ko ɗorawa, nan garke zai komo kullum da almuru. To, ku auna daga itacen zuwa ruwa, ku auna zuwa gonar da anka girbe, kun san iyakar yawonsa. Shi ya sa zabin ƙauyukan bakin gulbin Sakkwato, wajen Bunguɗu, ba su da dalilin yin nisa, ruwa na gabansu. Na tudu kuwa, irin na gindin duwatsun Kwatarkwashi da Tsafe, in tafki ya ƙafe da rani sai sun taka. Zabon da ya wuni yana tafiya nama ba ya zama jikinsa. Dillali ya ɗaga shi a hannu ya shafa ƙirji, kada yawan gashi ya ruɗe shi.

Da kaka da rani garke suke yi, suna tsintar gero da dawa da sunka zuba a gona. Da ruwa ya sauka sai garke ya watse, su rabu bibbiyu, zabuwa ta shige ciyawa ta yi gurbi inda ido ba ya kai. A nan dukiya ke salwanta. Ƙwan da ta zuba can bakin daji, ko maciji ya sha, ko wani ya tsinta, ko ya kwana goma cikin rana da ruwa kafin a gano shi. Dā yara kan bi ta a hankali har su ga gurbin. Shekarun nan, da rashin tsaron da ya addabi dazukan Zamfara, wane uba zai aiki ɗansa daji saboda ƙwai? Don haka mai sarin ƙwan zabi da damina ya tambayi inda anka kwaso shi, kuma ya sa shi a ruwa: mai kyau ya nutse, wanda ya daɗe ya taso. Ɓawonsa ya fi na kaza kauri, gaskiya ne, amma kauri ba ya hana ƙwai tsufa. Wanda za a ƙyanƙyashe, a sa wa kaza ta kwanta masa kwana 26 zuwa 28, don ita zabuwa jan ɗiya take cikin raɓa da sassafe, sanyi ya kashe su.

Maganin nisan yawo kuwa yana hannunmu, mu 'yan hatsi. Sharar rumbu da tsakin da ke saura in anka sheƙe, waɗanda muke bari a ƙasa, mudu ɗaya nasu ya isa a watsa wa garke 'yan kwanaki, safe da maraice, tare da kaskon ruwa gindin itacen kwana. Zabin da sunka saba da haka ba su wuce gonakin bayan gida. Amma hattara: hatsin da anka sa wa maganin ƙwari a sito, ko irin shuka da anka cuɗa da magani, kada a ba su ko a sayar don kiwo. Guba ce.

Saura maganar mallaka, wadda ke kawo husuma a kasuwa. An ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, to zanen na gida da na daji kusan ɗaya ne. Abin da munka karanta a Muhtasar na Shehu Halilu: abin farauta da anka kama ya kuɓuce ya koma daji, na wanda ya sake kama shi ne. In ya riga ya saba da mutane kuma bai koma halin daji ba, na mai shi na farko ne. Wanda anka ƙyanƙyashe a gida ya ɓace cikin gonar maƙwabci, wannan tsintuwa ce, sai a yi cigiya. Mai kiwo ya ɗaura wa nasa zare a ƙafa, dillali kuma ya duba ƙafa kafin ya sallama kuɗi. Wallahu a'alamu.